DARASIN TATTALIN ARZIKI: Abin da Juyin Masana'antu Ya Jawo wa Mutanen Birtaniya, 1760 zuwa 1850

A cikin watan Mayu na shekarar 1851, Sarauniya Victoria ta buɗe wani gagarumin baje-kolin kayan masana'antu a birnin Landan, cikin wani katafaren gini da aka yi da gilashi da ƙarfe. Kafin a rufe shi a watan Oktoba an ƙirga shigar 'yan kallo kimanin miliyan 6. A wannan lokaci babu wata ƙasa a duniya da ta kama ƙafar Birtaniya wajen haƙar kwal, da narkar da ƙarfe, da saƙar yadin auduga.

Shekaru tara kacal kafin wannan biki, watau a 1842, wani jami'in gwamnati mai suna Edwin Chadwick ya gabatar da rahoto kan lafiyar talakawan ƙasar. Rahoton ya nuna cewa idan aka haɗa shekarun dukan waɗanda suka mutu a gidajen leburori da masu aikin hannu na birnin Manchester aka raba, abin da ake samu shi ne shekara 17. A gundumar Rutland kuwa, inda noma ne sana'ar jama'a, lissafin ya ba da shekara 38. Abin da ya jawo adadin Manchester ƙasa shi ne yawan mutuwar ƙananan yara, domin fiye da rabin 'ya'yan ma'aikata ba sa kai shekara biyar.

Baje-kolin da rahoton duk labarin ƙasa ɗaya suke bayarwa, a zamani ɗaya. Manufar wannan darasi ita ce bayyana yadda arziki mai yawa haka ya zauna kafaɗa da kafaɗa da irin wannan ƙunci, da tsawon lokacin da aka ɗauka kafin ribar injin ta isa gidan wanda ke juya shi, da kuma abin da ya kai ta can.

YADDA ABIN YA FARO

Kafin tsakiyar ƙarni na 18, kaɗi da saƙa a Ingila sana'ar gida ce, kusan kamar yadda aka san ta a ƙasar Hausa. Ɗan kasuwa yakan raba ulu ko auduga gida-gida a ƙauyuka, mata su kaɗa zare, maza su saƙa, sa'an nan ya dawo ya karɓi yadi ya biya lada. Iyali kan haɗa wannan da ɗan noma da kiwo a filayen da jama'ar ƙauye ke amfani da su tare.

Jerin ƙirƙire-ƙirƙire ne suka rushe wannan tsari. A 1733 John Kay ya fito da ƙoshiya mai harba kanta, wadda ta sa masaƙi ɗaya ke cinye zaren makaɗa da yawa. Wajen 1764 James Hargreaves ya ƙera na'urar da ke juya mazarai da dama a lokaci guda. A 1769 Richard Arkwright ya yi rajistar injin kaɗi, ya kuma kafa masana'anta mai aiki da ƙarfin ruwa a Cromford a 1771. Samuel Crompton ya haɗa dabarun biyu a 1779, ya samar da injin da ke fitar da zare siriri mai ƙwari, kana Edmund Cartwright ya yi rajistar injin saƙa a 1785.

A ɓangaren makamashi, Abraham Darby ya fara narkar da tama da gasasshen kwal a Coalbrookdale a 1709, Thomas Newcomen ya ƙera injin tururi na zuƙe ruwa daga ramukan haƙar ma'adinai a 1712, James Watt kuma ya kyautata shi a 1769 har ya rage cin kwal ƙwarai. Da tururi ya samu, sai masana'anta ta daina dogara ga bakin kogi, ta koma cikin gari inda kwal da ma'aikata suke.

RIBAR DA ƘASA TA SAMU

Ba a jayayya a kan bunƙasar dukiyar ƙasa. Audugar da masaƙun Birtaniya ke sarrafawa ta tashi daga kimanin laba miliyan 52 a 1800 zuwa kimanin laba miliyan 588 a 1850. Kwal da ake haƙowa ya tashi daga wajen tan miliyan 3 a 1700 zuwa sama da tan miliyan 50 a tsakiyar ƙarni na 19. A shekarun 1830 kayan auduga kaɗai sun kai kusan rabin darajar duk abin da ƙasar ke fitarwa waje.

Farashi ne ya fi nuna ƙarfin injin. Laba ɗaya ta wani siririn zare da ake sayarwa sule 38 a 1786 ta sauko zuwa sule 6 da kwabo 9 a 1807, kana ta koma ƙasa da sule 3 a 1832. Tufar auduga mai sauƙin wanki, wadda a da sai mai hali, ta zama abin da matar lebura ke iya saye. Haka ma sufuri. Mashigin ruwa na Bridgewater da aka haƙa a 1761 ya rage kuɗin kwal a Manchester da kusan rabi. Layin dogo na Liverpool zuwa Manchester ya fara aiki a 1830, kuma zuwa 1850 ƙasar tana da layin dogo mai tsawon mil 6,000 da 'yan kai.

Wannan dukiya ta haifi sabon rukunin masu faɗa-a-ji. A da, daraja da mulki na masu manyan gonaki ne waɗanda suka gada kaka da kakanni. Arkwright kuwa aski ne sana'arsa ta farko, amma ya mutu a 1792 da lambar girma ta sarauta da dukiyar da aka kiyasta ta kai fam dubu 500. Robert Peel, wanda ya zama Firayim Minista, ɗan mai masana'antar buga zanen yadi ne. Tare da su aka sami ƙaruwar akawuna, da dillalai, da injiniyoyi, da masu kantuna, da ma'aikatan banki.

Sai dai sabon tsarin ya zo da wata cuta da ba a saba da ita ba, watau hauhawar kasuwa da faɗuwarta bi da bi. A da fari ko yaƙi ne ke kawo matsi. Yanzu kuwa yawan kayan da aka sarrafa da yawan bashin da aka ci su kansu kan karya kasuwa. A rikicin kuɗi na 1825 bankuna fiye da 50 suka durƙushe. A tsakiyar shekarun 1840 jama'a suka yi rububin sayen hannun jarin kamfanonin jirgin ƙasa, da farashin ya faɗi kuwa iyalai masu yawa suka rasa ajiyarsu. Duk lokacin da haka ta faru, masaƙu kan rage kwanakin aiki ko su rufe, ma'aikacin da ba shi da gona kuma ba shi da inda zai koma.

WAƊANDA INJIN YA KORA

Waɗanda suka fara ɗanɗana kuɗarsu su ne matan karkara masu kaɗi. Cikin 'yan shekaru kaɗin hannu ya daina biyan wahalarsa, gidaje masu ɗimbin yawa suka rasa kuɗin shigar da ke cike giɓin noma. A daidai wannan zamani ne kuma Majalisar Dokoki ta zartar da dubban dokoki da suka ba manyan masu gonaki ikon kewaye filayen jama'a da shinge. Noma ya inganta, amfanin gona ya ƙaru, amma talakan da ke kiwon saniya ɗaya da 'yan agwagi a makiyayar ƙauye ya wayi gari ba shi da komai sai ƙarfin damtsensa.

Labarin masu saƙar hannu ya fi ban tausayi, domin su da farko injin daɗi ya kawo musu. Da zare ya yi araha kuma injin saƙa bai riga ya kankama ba, sai neman masaƙa ya yi yawa, lada ta hau, dubban mutane suka shiga sana'ar. A farkon ƙarni na 19 mai saƙar hannu kan sami sama da sule 20 a mako. Zuwa shekarun 1820 yawansu a fannin auduga ya kai kimanin 240,000. To, amma injunan saƙa da ba su wuce 2,400 ba a 1813 sun kai kimanin 100,000 a 1833, ladan mai saƙar hannu kuma ya faɗo zuwa wajen sule 6 a mako. Da yawansu sun manyanta, masaƙu kuwa sun fi son mata da matasa masu arahar lada, saboda haka suka ci gaba da saƙa dare da rana a kan kuɗin da bai isa abinci ba, har sana'ar ta mutu tare da su.

Wasu ba su rungume hannu ba. Daga 1811 zuwa 1816 ƙungiyoyin masu sana'a da aka sani da 'yan Ludd suka riƙa fasa injuna da dare a gundumomin Nottingham da Yorkshire da Lancashire. Kukansu ya fi karkata ga karya lada da ɗaukar marasa horo don yin kaya maras inganci. Gwamnati ta tura dubban sojoji, ta mayar da fasa injin laifin kisa a 1812, kuma a watan Janairu na 1813 aka rataye mutum 17 a birnin York.

RAYUWA A ƘARƘASHIN ƘARARRAWA

Wanda ya sami aiki a masana'anta yakan karɓi lada fiye da ta leburan gona, kuma wannan ne ya sa mutane suka yi ta kwarara birni. Abin da ya bayar a madadi shi ne ikon lokacinsa. Mai sana'ar gida yakan fara aiki ya tsaya gwargwadon buƙatarsa. A masaƙa kuwa ƙararrawa ce ke tayar da mutum kafin gari ya waye, ya yi awa 12 zuwa 14 a tsaye, kwana shida a mako, cikin zafi da ƙurar auduga da ƙarar injuna marasa murfi. Akan ci tarar wanda ya makara ko ya bar wurin aikinsa. Wasu masu masana'antu ma ba sa biya da tsabar kuɗi, sai da takardar karɓar kaya a kantinsu, inda farashi ya fi na kasuwa.

Aikin yara ba sabon abu ba ne a Ingila, amma masana'anta ta sauya kamanninsa. Masaƙun farko da aka gina a bakin koguna nesa da gari sun riƙa karɓo marayu da 'ya'yan matalauta daga hukumomin agaji na birane da sunan koyon sana'a. Yara 'yan shekara bakwai ko takwas kan rarrafa ƙarƙashin injin da ke gudu suna tsintar auduga, ko suna ɗaura zaren da ya tsinke. A shekarun 1830 mata da yara su ne mafi yawan ma'aikatan masaƙun auduga. A ramukan kwal kuwa ƙananan yara kan zauna cikin duhu suna buɗe ƙofofin iska, mata da 'yan mata suna jan kwandunan kwal da sarƙa ɗaure a ƙugu. A 1838 ambaliya ta kashe yara 26 a ramin Huskar da ke Yorkshire, lamarin da ya tayar da hankalin ƙasa baki ɗaya.

Tsarin iyali ma ya girgiza. Wurin aiki ya rabu da gida, uwa takan bar jariri a hannun tsohuwa ko ƙaramar yarinya, a wasu gidaje kuma 'ya'ya ne ke ciyar da uban da sana'arsa ta mutu. A ɗaya gefen, 'yan mata da dama sun sami kuɗin kansu a karo na farko, ko da yake ladarsu ba ta kai ta maza ba ko kusa.

BIRANEN DA SUKA FI ƘARFIN MASU SU

Ƙidayar farko ta 1801 ta nuna mutanen Birtaniya sun kai kimanin miliyan 10 da rabi. Zuwa 1851 sun kusa miliyan 21, kuma ƙidayar wannan shekara ta nuna cewa fiye da rabin mutanen Ingila da Wales a birane suke zaune. Manchester ta tashi daga kimanin mutum 75,000 zuwa sama da 300,000 cikin waɗannan shekaru hamsin, Bradford kuma daga 13,000 zuwa sama da 100,000. Yunwar da ta afka wa Ireland daga 1845 ta ƙara koro dubban ɗaruruwan mutane zuwa Liverpool da Manchester da Glasgow.

Babu wata hukuma da aka ɗora wa alhakin tsara waɗannan garuruwa. 'Yan kasuwar gini suka jera gidaje baya-da-baya ba hanyar iska, iyalai suka cika ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu laima, gidaje da dama suna tarayya a salga ɗaya, ruwan sha kuma daga rijiya ko kogin da ƙazanta ke kwarara ciki. Tarin fuka da zazzaɓin taifod suka zama abokan zama. Kwalara ta shigo ta tashar Sunderland a 1831, ta dawo a 1848 zuwa 1849 ta kashe fiye da mutum 50,000 a Ingila da Wales. A shekarun 1840 tsawon ran da ake sa wa jariri rai da shi a ƙasar baki ɗaya ya kai wajen shekara 40, amma a Liverpool da Manchester bai kai 30 ba.

WA YA CI RIBAR?

Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko rayuwar ma'aikaci ta inganta a wannan zamani. Friedrich Engels, wanda mahaifinsa ke da hannun jari a wata masaƙa a yankin Manchester, ya wallafa littafi a 1845 yana mai cewa ta taɓarɓare. Wasu kuma sun kafa hujja da arahar tufafi da shayi da sukari. Binciken da masanin tarihin tattalin arziki Robert Allen ya wallafa a 2009 ya ba da ma'auni mai amfani. Daga 1780 zuwa 1840 abin da kowane ma'aikaci ke samarwa ya ƙaru da kashi 46 cikin ɗari, amma abin da ladarsa ke iya saye ya ƙaru da kashi 12 kawai. Daga 1840 zuwa 1900 kuwa samarwa ta ƙaru da kashi 90, lada kuma da kashi 123. Ma'ana, shekaru sittin aka yi, zamanin uba da ɗa, ribar tana taruwa a hannun masu jari kafin ta fara gangarowa sosai.

Dalilan wannan jinkiri sanannu ne. Yawan jama'a na ƙaruwa da sauri, masu neman aiki sun fi guraben aiki, don haka mai masana'anta ba shi da dalilin ƙara lada. Yaƙe-yaƙe da Faransa daga 1793 zuwa 1815 sun tsadar da abinci sun kuma ƙara haraji a kan kayan masarufi. Bayan yaƙin, Majalisar da masu gonaki suka mamaye ta kafa Dokar Hatsi ta 1815, wadda ta hana shigo da alkama daga waje sai farashin cikin gida ya hau ƙwarai, abin da ya tsadar da burodin talaka. Dokokin 1799 da 1800 sun haramta wa ma'aikata haɗa kai don neman ƙarin lada. Sabuwar dokar agajin matalauta ta 1834 kuma ta nufi tilasta wa mai neman taimako shiga gidan aikin gajiyayyu, inda ake raba miji da mata da 'ya'ya, aka kuma tsananta zaman wurin da gangan don kada kowa ya so shi.

Ma'aikaci kuwa ba shi da ƙuri'ar da zai sauya waɗannan dokoki. A ranar 16 ga Agusta 1819 mutane kimanin 60,000 suka taru a filin St Peter na Manchester suna neman wakilci a Majalisa. Mahaya dawakai ɗauke da takubba suka kutsa cikinsu, aka kashe mutum aƙalla 15, ɗaruruwa suka jikkata. Gyaran dokar zaɓe na 1832 ya ba Manchester da Birmingham da Leeds kujeru, amma ƙuri'ar ta tsaya ga masu dukiya.

ABIN DA YA CIKE GIƁIN

Sauyi ya zo ta hanyoyi da dama, kuma kowace sai da aka yi gwagwarmaya a kanta.

Ta farko ita ce doka mai haƙora. An yi dokokin kare yaran masaƙu a 1802 da 1819, amma da yake babu mai bin sawu, a takarda suka tsaya. Dokar 1833 ce ta bambanta. Ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 9 a yawancin masaƙu, ta taƙaita aikin 'yan 9 zuwa 13 ga awa 48 a mako tare da awa biyu na karatu kullum, sa'an nan ta naɗa sufetoci huɗu masu ikon shiga masana'anta. Dokar 1842 ta hana mata da yara maza 'yan ƙasa da shekara 10 shiga ramin haƙar ma'adinai, ta 1847 kuma ta rage aikin mata da matasa a masaƙu zuwa awa 10 a yini. Lord Ashley ne ya daɗe yana jagorantar wannan fafutuka, wanda ya kai dokar 1847 ga nasara a Majalisa kuwa, John Fielden, shi kansa babban mai masaƙa ne. Masu adawa sun yi hasashen masaƙu za su karye, amma shekarun da suka biyo baya na bunƙasa ne.

Ta biyu ita ce haɗin kan ma'aikata. An soke haramcin ƙungiyoyi a 1824, ko da yake a 1834 an kori leburorin gona shida na ƙauyen Tolpuddle zuwa Ostareliya saboda rantsuwar shiga ƙungiya, sai da jama'a suka yi ca kafin a yafe musu. Masu fafutukar Takardar Jama'a ta 1838 sun kai koke Majalisa sau uku, na 1842 yana ɗauke da sa hannu sama da miliyan 3, duka aka yi watsi da su. Duk da haka, a 1867 ma'aikatan birane da yawa suka sami ƙuri'a, a 1868 aka kafa babbar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa a Manchester, a 1871 kuma doka ta amince da ƙungiyoyin.

Ta uku ita ce taimakon kai da kai. A watan Disamba na 1844 mutum 28 a garin Rochdale, yawancinsu masu sana'ar hannu, suka tara fam 28 suka buɗe kantin gama kai. Ƙa'idojinsu su ne kaya marasa algus, cikakken awo, ciniki da tsabar kuɗi, ƙuri'a ɗaya ga kowane ɗan ƙungiya, da raba riba gwargwadon sayayyar mutum. Daga wannan ɗan kanti ne tsarin ƙungiyoyin gama kai na zamani ya yaɗu a duniya.

Ta huɗu ita ce arahar abinci. A nan buƙatar masu masana'antu ta haɗu da ta ma'aikatansu. Richard Cobden da John Bright suka jagoranci ƙungiyar yaƙi da Dokar Hatsi da aka kafa a Manchester a 1838, Peel kuma ya soke dokar a 1846. Cikakken amfanin hakan ya bayyana daga shekarun 1870, sa'ad da alkamar Amurka ta fara shigowa da araha.

Ta biyar ita ce aikin hukuma a kan ruwa da tsafta. Liverpool ta naɗa likitan kula da lafiyar gari na farko a 1847, aka yi Dokar Lafiyar Jama'a a 1848, a 1854 likita John Snow ya danganta ɓarkewar kwalara a wata unguwar Landan da famfon ruwa guda, kana bayan warin kogin Thames ya addabi Majalisa a 1858 aka ba injiniya Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanan ƙazanta. Dokar ilimi ta 1870 ta biyo baya, karatun firamare kuma ya zama tilas a 1880.

Akwai kuma masu masana'antu da suka riga doka. Robert Owen, wanda ya karɓi masaƙun New Lanark a Sikotilan a 1800, ya daina ɗaukar ƙananan yara, ya gina makaranta, ya gyara kantin ma'aikata, masaƙun kuma suka ci gaba da kawo riba.

INDA ZAREN YA KAI

Nauyin wannan juyi bai tsaya kan mutanen Birtaniya kaɗai ba. Zuwa 1860 fiye da kashi uku cikin huɗu na audugar Lancashire daga kudancin Amurka take zuwa, inda bayi 'yan asalin Afirka ke noma ta. Da yaƙin basasar Amurka ya toshe hanyar daga 1861, dubban ɗaruruwan ma'aikatan Lancashire suka rasa aiki, abin da ya nuna haɗarin jingina masana'anta ga mafita ɗaya. Indiya, wadda Ingila ta taɓa hana shigo da zanenta da dokokin 1700 da 1721 don kare masaƙanta, ta koma mai sayen yadin Manchester. Manjan yankin Neja Delta ya zama man shafa wa injuna da kayan haɗa sabulu. Sa'ad da Bajamushe Heinrich Barth ya isa Kano a 1851, ya tarar da saƙa da rini su ne ginshiƙin arzikin birnin, amma ya kuma ga yadin Manchester a kasuwa, wanda fatake suka ƙetaro da shi ta Sahara. Neman sabuwar mafitar auduga ne ya sa aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a Manchester a 1902, kuma yana cikin dalilan shimfiɗa layin dogon da ya isa Kano a 1911, ko da yake manoman Kano sun duba farashi suka zaɓi gyaɗa.

ABIN LURA GA 'YAN KASUWA

Na ɗaya, sana'ar da sabuwar fasaha ta bunƙasa yau tana iya zama wadda za ta kashe gobe. Masu saƙar hannu sun fi samun kuɗi a daidai lokacin da ake kyautata injin da zai maye gurbinsu. Mai hankali yakan duba abin da ke tafe tun kasuwa na ci.

Na biyu, ƙaruwar kayan da ƙasa ke samarwa daban take da jin daɗin jama'arta. Tsakanin biyun akwai farashin abinci, da kuɗin haya, da lafiya, da ikon ma'aikaci na yin ciniki a kan ladarsa.

Na uku, dokar da ba ta da mai bin sawu ado ce. Sufetoci huɗu na 1833 sun yi abin da dokokin shekaru talatin suka kasa, sun kuma kare mai masana'anta mai gaskiya daga abokin gasar da ke karya farashi da guminsu yara.

Na huɗu, kuɗin da aka ƙi kashewa a kan ruwa da magudana da gidaje ba ya ɓacewa, ana biyansa ne da rayuka da kwanakin aiki. Kwalara ba ta tsaya a unguwar leburori ba, kuma masu dukiya sun amince da harajin tsafta ne bayan ta ƙwanƙwasa ƙofofinsu.

Birtaniya ta bi wannan hanya ba tare da wani misali a gabanta ba, ta kuma biya kuɗin makantarta da rayuwar zuri'a biyu. Ƙasashen da ke neman kafa masana'antu a bayanta suna da labarinta a rubuce. Hausawa kuwa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.